Darasin Lafiyar Iyali: Zoɓo, Ganyen Miya da Hanyoyin Jini

Darasinmu na wannan karo a kan jini ne, da hanyoyin da yake bi a cikin jiki, da kuma abin da yakan faru sa'ad da wata hanya ta toshe. Dalili kuwa shi ne, wata magana ta bazu a kasuwanninmu, daga Kurfi har Dutsin-Ma. Masu tallar magani suna cewa zoɓo da zogale da tafarnuwa suna wanke jini, suna tsare zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Waɗansu ma sukan ce wanda yake sha ba ya bukatar asibiti. Akwai gaskiya a cikin maganar, akwai kuma ƙari mai haɗari. Sai mu bi ta a hankali mu rarrabe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran jama'a, musamman iyaye mata, gama tukunyar miya a hannunsu take.

Jini kamar ruwan lambu ne

Duk wanda ya taɓa noman rani, ko a fadamun Kurfi ko a gefen madatsar ruwa ta Zobe wadda aka gama a 1983, ya san yadda ruwa yake tafiya. Daga babbar hanya ya shiga ƙanana, daga ƙanana ya shiga fangali ɗaya ɗaya. In ƙasa ta zube ta toshe wata hanya, fangalin da ke gaba shi ne zai yi yaushi, ko da ruwa ya cika madatsa maƙil.

Haka jiki yake. Baligi yana da jini wajen lita 5. Zuciya tana bugawa kamar sau 100,000 a kwana guda tana tura shi cikin jijiyoyi, manya da ƙanana, har waɗanda suka fi gashin kai siranta. Jinin yana ɗauke da abinci da iskar oksijin, watau sashen iskar da muke shaƙa wanda rai ya dogara a kansa. Kowane sashen jiki yana jiran rabonsa, amma haƙurinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwaƙwalwa ita ce marar haƙuri. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kashi 20 cikin 100 na oksijin. In jini ya yanke mata, cikin minti 5 ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Naman zuciya yakan jure kamar minti 20 zuwa 30 kafin ɓarna ta soma zama ta dindindin. Naman hannu da na ƙafa yakan kai sa'o'i kaɗan.

Abubuwan da ke tare jini suna da yawa, kuma mun san su a ƙauyukanmu ko da ba mu haɗa su wuri ɗaya ba. Gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ya toshe ta zuciya, shi ne ciwon ƙirji mai kayar da mutum farat ɗaya. Mace ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, ƙodarta ta rasa rabonta, fitsari ya ɗauke. Yaro mai sikila, jininsa ya cushe a ƙananan hanyoyi, ya kwana yana kuka da ƙashi. Akwai kuma wanda mu da kanmu muke jawowa: a ɗaure hannu tamau da igiya ko roba bayan saran kububuwa, ko a yi ɗorin karaya a matse karare har yatsu su yi sanyi su baƙanta. Hannaye da ƙafafu da yawa an yanke su a asibiti saboda ɗaurin, ba saboda ainihin raunin ba.

Ɓarnar da ke zuwa sa'ad da jini ya komo

Ga wani abin mamaki. Kowa zai zaci da zarar hanya ta buɗe, jini ya komo, magana ta ƙare. Likitoci ma haka suka ɗauka da. Amma a 1960 wani masani a Amurka mai suna Robert Jennings ya gwada da karnuka. Ya tare jijiyar zuciya na ɗan lokaci, sa'an nan ya sake ta. Sai ya ga komowar jinin ta sa ƙwayoyin da suka sha wuya sun kumbura sun fashe da sauri. A 1981 kuma Neil Granger da Joe McCord da abokin aikinsu suka yi irin wannan gwaji da hanjin kyanwa, suka nuna dalilin.

Bari mu yi misali da murhu. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da 'yan ƙananan murahu a cikinta, inda take ƙona abinci da oksijin ta sami ƙarfi. Wuta kuwa ba ta rasa tartsatsi. A kullum 'yan tartsatsi sukan tashi daga murahun nan, jiki kuwa yana da masu kashe su nan take. Sa'ad da jini ya yanke, murhu ya rasa iska, itace ya taru yana hayaƙi, masu kashe tartsatsin kuma suka raunana. To, sai a buɗe hanya, iska ta shigo gaba ɗaya kamar guguwar bazara. Wutar ta tashi bal, tartsatsi ya watsu ko'ina, ya kama danga, ya kama jinka. Tartsatsin nan wani irin oksijin ne mai zafin kai, wanda yake cin duk abin da ya taɓa: fatar ƙwayar halitta, da bangon jijiya, da murhun kansa. Fararen ƙwayoyin jini kuma su rugo wurin kamar masu kawo gudummawa, su cunkushe hanya, su ƙara kumburi. A gwaje-gwajen dabbobi an ga cewa a cikin naman zuciyar da ya mutu a ƙarshe, abin da komowar jini ta kashe yana iya kai kusan rabi.

Kada wani ya fahimci wannan a baibai. Dole ne jini ya komo, da sauri kuwa, in ba haka ba sashen zai mutu ɗungum. Abin da masana suke nema shi ne yadda za a rage ɓarnar komowar. Masu dashen ƙoda sun san wannan matsala sarai. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma kowace ƙoda da aka cire sai an wanke ta da ruwan magani mai sanyi, domin murahunta su lafa kafin a haɗa ta da jinin sabon jiki.

Masu kashe tartsatsi

Jiki yana ƙera nasa masu kashe tartsatsi. McCord ɗin nan da malaminsa Irwin Fridovich su ne suka gano aikin ɗaya daga cikin manyansu a 1969. Amma jiki ba ya ƙera su da iska. Yana bukatar abinci mai gina jiki irin su wake da gyaɗa da daddawa da nono da ƙwai, da 'yan ma'adinai kaɗan da ke cikin hatsi da ganye. Wannan shi ne abu na fari, masu talla kuwa ba sa faɗinsa, gama ba wanda zai sayi wake a kwalba.

Tsire-tsire ma suna ƙera nasu. Shuka ba ta iya gudu ta shiga inuwa. Tun safe har yamma tana tsaye cikin rana, saboda haka takan tara waɗansu sinadarai a ganye da fure da ɓawo domin ta tsare kanta. Masana suna kiransu antiyoksidan, mu kuwa a darasin nan sai mu ce masu kashe tartsatsi. Sau da yawa launi yakan nuna su. Jan da ke cikin zoɓo ɗaya ne daga cikinsu. Haka jan tumatir, da ruwan ɗorawar mangwaro da gwanda da kabewa da karas, da jan ɓawon albasa, da jan dawa. Ganyen zogale da rama da yakuwa da alayyafo da tafasa da lalo da kuka duk suna da su, sai dai koren ganye ya rufe launinsu. Bitamin C ma yana cikinsu, ga shi a gwaiba da lemon tsami, garin ƙwallon kuka kuwa ya ninka lemon zaƙi a wajen bitamin C sau da dama.

Kuna iya ganin aikinsu da idonku. Ku yanka gauta ko yalo gida biyu. Ku shafa wa ɓari ɗaya ruwan lemon tsami, ku bar ɗayan haka, ku ajiye su kamar rabin sa'a. Wanda ba a shafa wa kome ba zai yi duhu, gama oksijin ya ci fuskarsa. Ɗayan zai daɗe da haskensa.

Daga nan ne masana suka yi tunani, suka ce in lemon tsami ya tsare gauta, me zai hana sinadaran tsire-tsire su tsare zuciya? An yi gwaji da ɓeraye ba iyaka, a ƙasashe da yawa, har da jami'o'in Nijeriya. Yadda akan yi shi ne a ba ɓera sinadarin na kwanaki, sa'an nan a tare masa jijiyar ƙoda ko ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, a sake ta, a auna ɓarnar. Sau da yawa akan tarar ɓarnar ta ragu. Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, tun kafin a tare jijiyar ake ba ɓeran, gama mai gwaji ya san ranar da zai tare ta. Ba mutumin da ya san ranar da jijiyarsa za ta toshe. Na biyu, ɓeran yaro ne lafiyayye, ga shi an ɗura masa abin da ya fi ƙarfin abin da mutum zai samu a akushi. Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye kuwa yawanci ya yi shekaru da hawan jini ko ciwon sukari, jijiyoyinsa sun riga sun gaji.

Da aka mai da su ƙwayoyi

Da aka ga abin da ya faru ga ɓeraye, sai kamfanoni suka tace sinadaran suka zuba a ƙwayoyi. Nan fa aka sha mamaki. A ƙasar Finlan an gwada da maza 29,133 masu shan taba, aka ba waɗansunsu ƙwayar sinadarin nan da ke sa karas launi. Da aka buga sakamako a 1994, ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. A shekara ta 2000 wani babban gwaji da likitocin Kanada suka jagoranta, mai mutum 9,541 masu haɗarin ciwon zuciya, ya nuna ƙwayar bitamin E ba ta rage ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba ko kaɗan, bayan an sha ta fiye da shekara 4. A 2012 ma'aikatar gona ta Amurka ta janye jerin da ta buga na ƙarfin kashe tartsatsi na kowane abinci, domin 'yan kasuwa suna talla da shi, alhali abin da ya faru a kwalbar gwaji ba shi ne yake faruwa a jikin mutum ba.

Ba a ce hanyar banza ce ba. Tun 2001 likitocin Japan suke amfani da wata allura mai kashe tartsatsi ga masu shanyewar jiki. Amma wannan allura ce da aka auna, ana yinta a asibiti cikin kwana na fari.

Me ya sa ƙwayoyin suka kāsa? Yanzu an gane cewa kaɗan ne ƙwarai daga sinadaran nan yake shiga jini yadda yake. Hanji da hanta sukan sāke yawancinsu. Babban aikinsu shi ne su farkar da masu tsaron da jiki ya riga ya mallaka, su kuma taimaki bangon jijiya ya saki, ya yi laushi, jini ya wuce ba tare da matsi ba. Irin wannan aiki na yau da gobe ne, kamar yashe hanyar ruwa tun kafin a fara ban ruwa. Ban da haka, ganye ba sinadari ɗaya ne a cikinsa ba. Akwai ɗaruruwa, ga harza mai gyara ciki, ga ma'adinan da ke rage ƙarfin gishiri a jiki. Jiki ma yana bukatar ɗan tartsatsi domin ya kashe ƙwayoyin cuta, don haka cika shi da sinadari guda ɗaya ba alheri ba ne.

Abin da aka gani a ƙasarmu

Labarin da ya fi shafarmu shi ne binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2018. Sun yi shi a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da na Kano da na Zariya. Sun ɗauki mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye, kowane ɗaya suka gwama shi da wani lafiyayye tsaransa. Hawan jini shi ne ya fi kome, da rata mai nisa: kusan 9 cikin 10 na shanyewar jikin ana iya danganta ta da shi. A cikin sauran dalilai akwai ciwon sukari, da tumbi, da yawan cin nama, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da taba. Akwai kuma ƙarancin cin ganye. Masu ƙarancin cin ganye, haɗarinsu ya fi ninki biyu na masu ci. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa ganyen ne kaɗai ya yi aikin, amma ya yi daidai da abin da aka gani a ƙasashe da yawa, kuma a kan mutanenmu aka yi shi, masu cin irin miyarmu.

Zoɓo kuwa an gwada shi a kan mutane kai tsaye. A Jami'ar Tufts da ke Boston, an ɗauki mutum 65 masu ɗan hawan jini. Waɗansu suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, waɗansu aka ba su wani abin sha mai kama da shi. A sakamakon da aka buga a 2010, lambar sama ta awon jini ta sauka da kamar 7 ga masu shan zoɓo, ta sauran kuwa da kamar 1. Saukar 7 ba abin rainawa ba ce. Amma wanda awonsa ya kai 180, in an cire 7 ina ya tsaya? Iyakar lafiya kuwa ƙasa da 140 bisa 90 ce. Zoɓo mataimaki ne. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari, ya kuma gaya wa likitan cewa yana shan zoɓo, domin a san yadda za a daidaita. Mai ciki ta rage shi, kada ta mai da shi ruwan sha. Kuma wanda aka gwada ba irin na ƙulli ba ne da ake sayarwa a tasha, wanda sukari ya yi masa yawa har cokali ya nemi tsayawa.

Wani abu da yake ba ni haushi shi ne, busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina ana loda shi buhu buhu zuwa ƙasashen waje, Meziko ce ma babbar mai saye. Manomi ya sayar da nasa duka, ranar suna kuma ya sayo lemon kwalba ya raba wa baƙi.

Yara masu sikila

A nan ne maganar toshewa da komowar jini ta fi nauyi, gama mai sikila yana shan ta a kai a kai tun yana jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar yara wajen 150,000 da sikila a Nijeriya kowace shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da irin ba tare da ciwo ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje in oksijin ya ragu, su manne a ƙananan jijiyoyi. Hanya ta toshe, ta buɗe, ta sāke toshewa, kowane karo tartsatsi yana tashi. Ƙwayoyin kuma ba sa daɗewa. Na mai lafiya sukan yi kwana 120, na mai sikila 10 zuwa 20 sai su fashe, abin da ke cikinsu ya zube ya ƙara ƙona bangon jijiya. Da haka saifa da ƙoda da ƙashin ƙugu da ƙwaƙwalwa suke lalacewa sannu a hankali. In ba a yi rigakafi ba, kamar yaro 1 cikin 10 yakan sami shanyewar jiki kafin ya kai shekara 20.

Akwai maganin sikila da ya fito daga tsire-tsiren ƙasar nan. Wani fasto a ƙasar Yarbawa, Rabaran Paul Ogunyale, shi ya kai haɗin ga Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a Abuja, masana a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe suka auna shi suka tace, aka sa masa suna Niprisan. Abu huɗu ne a ciki: masoro, da kanumfari, da wani jan itace na kurmi, da ganyen jar dawa irin karan dafin nan da dukawa suke rina fata da shi. A gwajin da aka buga a 2001, mai mutum 82, an ga ya rage yawan tashin ciwo. Babban aikinsa shi ne hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa. Wannan ya nuna akwai abin kirki a gonakinmu, ya kuma nuna hanyar da ta kamata: a auna, a gwada, a san iyaka. Kada wata ta ce za ta haɗa nata a tukunya. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe saniya, gama ɗanyen ganyen dawa ƙarami yana da guba.

Abin da ya fi tsare ƙwaƙwalwar yaran nan shi ne aikin da likitocin Asibitin Aminu Kano suka yi tare da abokansu na Jami'ar Vanderbilt. Akwai wata na'ura da ake ɗora wa yaro a gefen kai, ba zafi, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wanda jininsa yake gudu fiye da kima, shi ne yake bakin haɗari, sai a ɗora shi a kan ƙwayar haidroksiyuriya kullum. A sakamakon da suka buga a 2022, ƙaramin awo na maganin ya tsare yara daga shanyewar jiki kamar yadda matsakaicin awo ya yi. Iyayen mai sikila su tambayi likita wannan awo tun yaro yana shekara 2. A gida kuma a ba shi ruwa da yawa, a sa shi cikin gidan sauro, a rufa masa jiki lokacin hunturu, a ba shi ganye da wake da 'ya'yan itace. Samari da 'yan mata su yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa, gama in dukansu biyu suna ɗauke da irin, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4.

In abin ya riga ya faru

Baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya. Jama'a, wannan ba lokacin jiƙa zoɓo ko daka tafarnuwa ba ne, ba kuwa lokacin turare da neman wanda ya yi sammu ba. Kada a ɗura masa kome a baki, ko ruwa, gama maƙogwaronsa ma yana iya shanyewa, abin ya bi ta huhu. A kwantar da shi a gefensa, a kula da sa'ar da abin ya fara, a nemi mota nan da nan zuwa babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, in sun tura Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina a tafi ba jayayya. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin sa'a 4 da rabi na fari take amfani. Ban da haka shanyewar jiki iri biyu ce. Wata toshewa ce, wata kuwa jijiya ce ta fashe, kuma a binciken nan na 2018 kusan 1 cikin 3 fashewa ce. Sai da hoton kai ake rarrabe su. Wanda jijiyarsa ta fashe, in aka ba shi asfirin a gida an ƙara masa zubar jini.

Wanda maciji ya sara kada a ɗaure shi tamau. A cire masa zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. In an riga an ɗaure tun da daɗewa, a bar ma'aikatan asibiti su kwance da kansu.

Daga gona zuwa akushi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya ci giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana, watau kamar cikin hannu 5. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a lissafa har da na dunƙulen magi da na kanwa. Da damina cika wannan awo ba wuya, tafasa da rama da yaɗiya suna ko'ina. Wuyar tana bazara, daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da miyar gidaje da yawa takan koma kuka da gishiri kaɗai. Tun kaka ake shirin wannan.

A shanya ganye a inuwa, a zaure ko ƙarƙashin rumfa inda iska take ratsawa, a kan tabarma mai tsabta. Rana tana cinye bitamin C da sinadarin nan mai ruwan ɗorawa. Ganyen da ya bushe yana kore shar ya fi wanda ya koɗe ya yi fari. A zuba a tulu ko gwangwani mai murfi. Wajen dahuwa a sa ganye daga ƙarshe, da ruwa kaɗan, kada a tafasa shi har ya mutu a kuma zubar da ruwan. Tumatir da kabewa da karas sun fi ba da amfaninsu in an dafa su da ɗan man gyaɗa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir ya haɗa kusan duk abin da muka ambata a kwano ɗaya, ga shi ba tsada.

Sai maganar kanwa. Mata suna sonta domin tana sa wake ya nuna da wuri, tana sa miya yauƙi, itacen girki kuwa ya yi tsada, wannan gaskiya ne. Amma tana lalata bitamin C, tana kuma ƙara wa jiki gishiri. Ku jiƙa zoɓo a kofi biyu, ku jefa ɗan gutsuren kanwa a ɗaya. Nan da nan jan zai juya ya yi duhu, in ya jima ya dushe. A jiƙa wake tun dare, zai nuna ba tare da kanwa mai yawa ba. Haka kuma surfe: jan dawa yana cikin dusa ne. In an surfa ta fes har ta yi fari, awaki ne suka sami rabon.

Zogale ba ya bukatar gona. Reshe mai kaurin hannu, tsawon kamu biyu ko uku, a kafa shi da farkon damina a jikin danga ko inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, a kāre shi da ƙaya saboda awaki. In ya yi tsawo a sare kansa domin ya yi rassa inda hannu zai kai. Zoɓo kuma a zagaye iyakar gona da shi kamar yadda iyayenmu suke yi, in an girbe a ware na gida tukuna kafin dillali ya zo.

Aikin ƙungiya na wannan wata

A taro mai zuwa a kawo gauta da lemon tsami da zoɓo da kanwa, a yi gwaje-gwajen nan biyu a gaban kowa. Sa'an nan kowane gida ya faɗi sau nawa aka ci ganye a cikinsa a makon da ya wuce, magatakarda ya rubuta, domin a gwama da na watan Afrilu. Shugabanni su roƙi malamin asibiti na kusa, ko na Birchi ne, ko Rawayau, ko Barkiya, ko Wurma, ya zo da abin awon jini ya auna duk wanda ya kai shekara 30, maza da mata, har da waɗanda suke cewa lafiyarsu ƙalau, gama hawan jini yawanci ba ya ciwo. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a sāke auna shi wata rana dabam, in bai sauka ba a rubuta masa takarda zuwa asibiti. A kuma san tun yanzu mai mota ko mai babur mai ƙafa uku da za a tasa da tsakar dare, da inda kuɗin mai zai fito.